Kwangila da Rikicin Ciniki a Saudiyya: Tambayoyin da 'Yan Kasuwarmu Suka Fi Yi

Aikina tafinta ne. Na daɗe ina zama tsakanin 'yan kasuwarmu da lauyoyin Jidda, ina juya Hausa zuwa Larabci, ina kuma warware Larabcin kotu zuwa Hausar da mutum zai gane. Tambayoyin nan su ne waɗanda kunnena ya saba da su: daga mai shagon abaya a Bab Sharif, da mai kargo, da ejan ɗin Umara da ya kama ɗakuna a unguwar Misfala ta Makka, har Hajiyar da ke zaune a Kano tana aiko da kuɗi a saro mata kaya. Ni ba lauya ba ne, kuma kowace matsala da irin fuskarta. Amma akwai abubuwan da in mutum ya san su tun kafin ya sa hannu, ba zai zo ofis ya zauna ya rafka tagumi ba.

Mu da muka gaji ciniki da baki da amana, wai dole sai an rubuta?

Ciniki na ƙulluwa da baki, ba wanda ya canja wannan. Ka ce na saya, ya ce na sallama, ciniki ya faɗa. Wahalar tana zuwa ne ranar da ɗayan ya musa. Dokar kafa hujja da ta fara aiki a 2022 ta ce duk mu'amalar da ta haura riyal 100,000, ko wadda ba a ƙayyade kuɗinta ba, da rubutu ake tabbatar da ita. Ko dattawa goma ka jero, alƙali ba zai gina hukunci a kan bakinsu ba, sai in ka shiga ta ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da dokar ta bari a buɗe: misali mu'amalar miji da mata, ko ta 'yan'uwa da surukai har zuwa daraja ta huɗu, ko takardar ta ɓace ba da sakacinka ba, ko akwai wani guntun rubutu daga hannun abokin cinikin da ke ƙarfafa maganarka. "Ɗan garinmu ne" ba ya cikin ƙofofin. "Tare muka yi makarantar allo" ma ba ya ciki. In ba ka da komai, abin da ya rage maka shi ne ka nemi ya rantse, in kuwa ya dafa ya rantse, magana ta mutu.

Na lura ba jahilci ke hana mutanenmu rubutu ba, kunya ce. Yaro ba zai iya kallon idon maigidansa ya ce, "Alhaji, a sa mini hannu," ba. Wanda kunya ta kama ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In ka jingina da ita, ba wanda zai ce ka raina shi.

Saƙonnin WhatsApp fa? Duk cinikinmu a can muka yi shi.

Suna da amfani ƙwarai. Dokar nan ta 2022 ta ba hujjar na'ura matsayin rubutu, saƙon waya ne ko imel. Kada ka goge hirar, kada ka sayar da wayar, kada ka bar lambar ta mutu. Sai dai mutanenmu sun fi son saƙon murya, wanda rabinsa gaisuwa ce, sauran rabin kuma "kamar dai yadda muka yi magana". Wannan ba ya nuna adadi ko rana. Bayan kun gama magana, rubuta masa layi biyu: kaya kaza, katan kaza, kuɗi kaza, biya ranar kaza, ka ce ya amsa da "na yarda". Harshen kotu Larabci ne, saboda haka duk abin da ke cikin Hausa ko Turanci sai ofishin fassara mai lasisi ya juya shi ya buga hatimi.

Shagon nawa ne, da kuɗina na buɗe, amma da sunan kafilina, ɗan ƙasar da nake zaune a ƙarƙashinsa, aka yi rajista. Muna da takarda tsakaninmu. Za ta kare ni?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin nauyin amsa ta, don mai yin ta yakan zo ne bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Takardar ba kariya ba ce. Shaida ce a kanka.

Abin da kuka yi shi ake kira tasattur, wato ɗan ƙasa ya ba baƙo sunansa da rajistarsa ya yi kasuwancin da ba a ba shi izini ba, shi kuma yana karɓar wani abu duk wata. Dokar da aka sabunta a 2020 ta sa masa hukuncin ɗauri har shekara biyar, ko tara har riyal miliyan biyar, ko duka biyun. Ana iya ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya, a rufe shagon, a soke rajistar, baƙon kuma a yi masa tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Hukuncin yana hawa kan mai aron suna da mai ba da aro. Gwamnati ta ba da wa'adin gyara wanda ya ƙare a watan Fabrairu na 2022, wasu suka gyara, wasu suka ce ai an saba.

Ka duba yadda abin yake a idon hukuma. Rajistar kasuwanci, sijil tijari, sunansa ke kai. Asusun banki na shagon nasa ne. Hayar shagon da sunansa aka shigar a Ejar, manhajar rajistar haya. Kai kuma a igamarka, takardar izinin zamanka, an rubuta ma'aikaci, wataƙila direba. Ranar da ya canja makulli, ko ya rasu magada suka zo da lissafin gado, kai ne za ka tsaya kana cewa kayan nawa ne, kuma ba yadda za ka tabbatar da hakan ba tare da ka tona asirin kanka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ga dattijon da ya yi shekaru yana tara kaya a shago, kafilin nasa mutumin kirki, bai taɓa cin masa ko sisi ba. Da Allah ya yi wa kafilin rasuwa, 'ya'yansa ba su san da wata magana ba, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba, don takarda ba ta san dattijon ba.

In kana cikin wannan hali, kada ka je kotu da ƙafarka kana ɗaga takardar sai ka zauna da lauya mai lasisi ka gaya masa komai. Dokar ta bar ƙofar sassauci ga wanda ya kai rahoton kansa kafin hukuma ta gano, amma lauya ne zai auna maka ko ƙofar ta dace da kai.

To ta wace hanya baƙo zai yi kasuwanci da sunansa?

Ta Ma'aikatar Zuba Jari. A nan baƙo ke yin rajista, sannan ya kafa kamfani a ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci, shi kaɗai ko da abokin tarayya ɗan ƙasa, kowa da kasonsa a rubuce cikin takardar kafa kamfanin. Sabuwar dokar kamfanoni ta fara aiki a Janairun 2023, sabuwar dokar zuba jari kuma a Fabrairun 2025. Akwai kuma igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili: ta dindindin riyal 800,000, ta shekara-shekara riyal 100,000. Sharuɗɗan sun bambanta daga sana'a zuwa sana'a, na saye da sayarwa sun fi na wasu ayyukan tsauri. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, gara ya tsaya a matsayin mai saye daga waje: kamfaninsa na Najeriya ko Nijar ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Saudiyya, kowa da sunansa.

An miƙo mini kwangila da Larabci, ana cewa in sa hannu yau. Me zan fara dubawa?

Fara da cire "yau" ɗin. Kwangilar da ba za ta iya kwana ɗaya a hannunka ba, akwai abin da ake gudun ka gani.

Sai ka duba wanda kake ciniki da shi. Sunan da ke jikin allon shago ba shi ne abokin cinikinka ba, sunan da ke cikin sijil tijari shi ne. Nemi lambar rajistar, ka bincika a shafin Ma'aikatar Kasuwanci ko tana raye, kuma ko sana'ar da aka rubuta ita ce wadda kuke magana a kai. Daga nan ka tambayi mai sa hannun: shi ne mai kamfanin, ko manajan da rajista ta ambata, ko yana da wakala? Sau da yawa wanda ya ba ka shayi ya yi maka fara'a ma'aikaci ne kawai, sa hannunsa na iya zama abin jayayya gobe.

In kwangilar harshe biyu ce, akwai layin da ke faɗin wanne ke rinjaye in sun saɓa. Kusan kullum Larabcin ne, don haka shi za a karanta maka, ba Turancin da ke gefensa ba.

Bayanin kaya shi ne wurin da muka fi yin sakaci. "Dabino mai kyau" ba bayani ba ne. Ajwa ne ko Sukkari ko Mabrum, girbin wace shekara, kilo nawa a katan, wa zai biya kuɗin sanyaya shi. Mai kawo riɗi ko zoɓo daga gida ya rubuta yawan danshi da dattin da aka yarda da shi, da wanda zai auna, da inda za a auna, a tashar lodi ko a tashar jiragen ruwa ta Jidda. A rubuta wurin da hasarar kaya ke tashi daga wuyan mai sayarwa ta koma wuyan mai saye. Gajerun kalmomin nan na FOB da CIF aikinsu ke nan, kuma bai kamata ka sa hannu a kan wadda ba a fassara maka ba.

Kuɗi kuma a ambaci irinsa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuwa kowa ya san halinta. Wanda ya karɓi oda da naira zai saya da riyal, shi ya ɗauki dakon faɗuwarta in ba a rubuta akasin haka ba. A fayyace ko farashin ya haɗa da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari. Kwanan wata ma a ce na Hijira ne ko na Miladiyya, don tazarar kusan kwana 11 ce a shekara, kuma dokar mu'amaloli, wadda ke tsara kwangila da ciniki a Saudiyya, da kalandar Hijira take ƙirga wa'adinta. Wani ejan ya taɓa kama ɗakuna "daga farkon Ramadan" ba tare da an rubuta ranar Miladiyya ba, jirgin mutanensa ya sauka kwana biyu kafin nan, aka kwana ana ja-in-ja a ƙofar otal.

Mun yi wata biyu muna tattaunawa, na kashe kuɗin tafiya da gwajin kaya, ashe da wani yake ƙullawa. Ina da haƙƙi?

Tattaunawa ba ta wajabta wa kowa ƙulla ciniki, kowa na iya cewa albarka ya tashi. Amma dokar mu'amaloli, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Disamba 2023, ta ce wanda ya yi tattaunawa ko ya yanke ta da mugun nufi zai biya ɗayan hasarar da ya jawo masa. Kuɗin da ka kashe ake nufi, ba ribar da ka yi mafarkin samu ba. Aikin yana wurin tabbatar da mugun nufin, misali a nuna tun farko ba shi da niyyar sayarwa, ko ya ɓoye wani muhimmin abu da gangan. Ajiye rasit.

Na ba da kafin alƙalami, na fasa. Za a mayar mini?

In a matsayin arbun aka karɓa, a'a. Dokar ta ce mai ba da arbun shi ke da zaɓin fasawa, in ya fasa kuɗin ya tafi, sai in kun rubuta wani abu daban. Saboda haka kalmar da ke kan rasit tana da nauyi: arbun daban, kason farko na kuɗin kaya daban. Mu a Hausa duk kafin alƙalami muke ce musu, a nan ake yin tuntuɓe.

Zan iya sa sharaɗin tara in ya yi jinkiri?

Ya danganta da abin da aka jinkirta. In aiki ne ko kawo kaya, kuna iya yanka diyyar jinkiri tun a kwangila, abin da suke kira sharɗul jaza'i: kowace rana kaza, har iyaka kaza. Alƙali na iya rage ta in ya ga an wuce gona da iri ko an riga an yi wani ɓangare na aikin, yana kuma iya soke ta in aka tabbatar ba ka yi hasarar komai ba. In kuwa bashin kuɗi ne, ka ce in bai biya ranar kaza ba zai ƙara kaza, wannan riba ce ta haram, kotun Saudiyya ba za ta hukunta maka ita ba ko da ya sa hannu sau bakwai. Mai tsoron jinkirin biya ya nemi jingina, ko mai tsaya masa, ko takardar da za mu yi maganarta nan gaba.

Na ba wani ɗan'uwa jari yana juyawa, muka yi zai riƙa ba ni riyal 3,000 duk wata. Yanzu ya ce an yi hasara.

Hajiya, wannan ita ce rigimar da ta fi raba zumunci a tsakaninmu. Abin da kuka so yi shi ne ƙiradi a bakin malamanmu na Malikiyya, a nan kuma mudaraba ake cewa: kuɗi naki, wahala tasa. Ƙa'idarsa ita ce riba kaso ce, rabi ko sulusi ko yadda kuka shirya, ba adadi yankakke ba. Kuma ba a ɗora wa mai juya kuɗi lamunin uwar kuɗi, in hasara ta zo ba da ha'inci ko sakacinsa ba, a kan mai jari take faɗawa, shi kuma ya yi asarar guminsa. Sharaɗin riyal kaza duk wata ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya ce "an yi hasara" ya tsira. Kina da haƙƙin neman lissafi: me aka saya, a ina, nawa aka sayar, ina ragowar kayan. In ya saɓa abin da kuka yi, kin ba shi don turare ya je ya zuba a wani abu, ko ya cakuɗa da kuɗin aljihunsa ya yi hidimar biki, to ya zama mai lamuni. Kotu na iya naɗa masanin lissafi ya bi diddigi. Abin da zai taimake ki shi ne shaidar tura kuɗin ta banki da saƙon da ke faɗin dalilin turawar. Kuɗin da aka damƙa wa wani alhaji a filin jirgi ya kai, wuyar bi gare shi.

Mene ne sanad li'amr da ake ta cewa in karɓa?

Takarda ce da mutum ke rubuta cewa zai biya wane kuɗi kaza ranar kaza, ba tare da wani sharaɗi ba. Ƙarfinta shi ne ba sai ka yi shari'a ka tabbatar da bashin ba, kai tsaye kotun zartarwa kake kai ta. Yanzu ana yin ta a manhajar Nafith, mai bashin ya amince ta wayarsa, babu zancen "ba sa hannuna ba ne". Kada ka ajiye ta ƙarƙashin katifa, ƙarfin nan nata shekara uku ne daga ranar biya. Cek ma haka yake zuwa kotun zartarwa, kuma ba da cek alhali babu kuɗi a asusu laifi ne da ke iya kai mutum ɗauri har shekara uku.

Wuƙar nan baki biyu gare ta. In kai ne za ka sa hannu, kada ka taɓa sa wa farar takarda da ba a cike adadi ba, ko wane ne ya ce "don tsari ne kawai". In ka biya wani ɓangare, karɓi shaida. In ka gama biya, karɓi takardarka, ko ka tabbatar an rufe ta a manhajar.

An karya mini alƙawari. Mene ne matakin farko?

Rubuta masa takardar neman haƙƙi: ga abin da muka yi, ga abin da ka saɓa, ga abin da nake nema, ga wa'adi. A yawancin ƙararrakin kasuwanci dole ne ka sanar da shi a rubuce aƙalla kwana 15 kafin ka shigar da ƙara, kuma za a nemi shaidar ka yi hakan. Kada ka yi zagi a ciki, kada ka yi barazana, kada kuma ka hau Facebook ko TikTok kana kiran sunansa. A ƙasar nan ɓata suna ta intanet laifi ne mai zaman kansa, sai ka je neman haƙƙinka ka dawo kai ne ake tuhuma.

Sai sulhu. Mu mun iya sulhu, a tara dattawan unguwa a Shara Mansur bayan Isha'i, a yi nasiha, a yi fatiha, a watse. Abin da ke ɓata shi, ba a rubutawa, bayan wata uku a koma gidan jiya. Ma'aikatar Shari'a tana da manhajar Taradi ta sulhu, kuma takardar sulhun da aka tabbatar ta can ƙarfinta ɗaya da hukunci wajen zartarwa. Ku yi zaman dattawanku, amma abin da aka cimma a kai shi can a buga masa hatimi. Wasu ƙararrakin ma ba a karɓarsu sai an fara gwada sulhu.

Wace kotu zan je, kuma nawa zan kashe?

Rikici tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa a kan harkar kasuwancinsu na kotun kasuwanci ne, wadda dokarta ta fito a 2020, haka ma rikicin abokan tarayya a kamfani. Rikicin albashi da haƙƙin ma'aikaci ba nan ba ne, yana farawa da zaman sasantawa a ma'aikatar ƙwadago, sannan kotun ma'aikata. Ana shigar da ƙara ta Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a, zaman kotu da yawa ta bidiyo ake yi, sanarwa kuma ta saƙon waya take zuwa a lambar da ke Absher ɗinka, manhajar gwamnati mai riƙe da bayananka. Wanda ya canja lamba bai sabunta ba, ana iya yanke masa hukunci yana gida yana shan shayi.

Da can shigar da ƙara kyauta ne. Tun 2022 akwai kuɗin shari'a, bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da ake nema ba, kuma ba ya haura riyal miliyan ɗaya. Wanda ya sha kaye shi ke ɗauka. In kuka sasanta kafin a tashi zaman farko ba a cajin ku, in bayansa ne kafin hukunci ana rage shi zuwa rubu'i. Don haka kada fushi ya sa ka kumbura adadi. Ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, ƙananan ƙararraki kuma hukuncin farko shi ne na ƙarshe.

Kaya sun iso da aibi, na riga na biya.

Buɗe su da wuri, ɗauki hoto da bidiyo, sanar da shi a rubuce nan take. Ba a sauraron ƙarar aibin kaya bayan kwana 180 daga ranar miƙawa, sai in mai sayarwa ya ɗauki lamuni mai tsawo ko ya ɓoye aibin da yaudara. Aibin da ka gani da idonka ka karɓa kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Bashin ya daɗe. Har yanzu zan iya nema?

A kotun kasuwanci shekara biyar ce daga ranar da haƙƙin ya wajaba. Bayan nan ba a sauraro sai in shi ya amsa da bakinsa, ko kana da uzurin da kotu ta karɓa. Bashin bai faɗi a wurin Allah ba, ƙofar kotu ce ta rufe. Masu cewa "bari dai a ƙara masa lokaci, ɗan'uwa ne" su riƙa karɓar saƙon da yake amsa bashin a ciki.

Ni ina Jidda, abokin cinikina yana Kano. Kotun wace ƙasa za mu rubuta?

Tambayi kanka ina dukiyarsa take, don hukunci ba ya cin tuwo sai a inda akwai abin kamawa. Ɗaukar hukuncin kotun wata ƙasa a zartar a wata aiki ne mai wuya, sai an cika sharuɗɗa, har da na ko ƙasashen biyu suna mutunta hukuncin juna. A nan tahkim ya fi, wato ku zaɓi mai raba gardama da kanku, hukuncinsa ya ɗaure ku. Akwai yarjejeniyar duniya ta 1958 da aka ƙulla a birnin Niyok, wadda ke sa ƙasashe su zartar da irin wannan hukunci: Nijar ta shiga a 1964, Najeriya a 1970, Saudiyya a 1994, Sudan a 2018. Dokar tahkim ta Saudiyya ta 2012 ce, kuma akwai cibiyar tahkim ta kasuwanci da aka kafa a 2014, hedikwatarta a Riyad. Dole sharaɗin ya zama a rubuce, a faɗi cibiyar, da garin, da harshen. Ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin, sai dai a nemi soke shi cikin kwana 60 bisa wasu 'yan dalilai, kuma abin da ya saɓa wa Shari'a, kamar kuɗin ruwa, ba za a zartar da shi a nan ba.

Ra'ayina, tahkim na cinikin kwantena ne. Mai rigimar katan ashirin na jallabiya, kuɗin masu hukuncin kaɗai zai cinye abin da yake nema. Shi gara ya tsare kansa tun farko: rabi yanzu, rabi in kaya sun hau jirgi.

Na ci shari'a amma ya ƙi biya.

Kai hukuncin kotun zartarwa ta Najiz. Za a umarce shi ya biya cikin kwana biyar daga sanarwa. In ya ƙi, sai matakan da mutane ke kira "mada 46", wato sashe na 46 na dokar zartarwa: a hana shi fita ƙasar, a binciko asusunsa da kadarorinsa a riƙe, a sayar in ta kama. Ga mutumin da rayuwarsa ke tsakanin Jidda da gida, hana tafiya kaɗai yakan sa kuɗin da aka rantse babu su fito. In kuwa da gaske ba shi da komai, kotu ba ta tatsar dutse.

Lauya zan ɗauka ko mu'aƙƙib ya isa?

Mu'aƙƙib mai bin takardu ne a ofisoshi, yana da amfaninsa, amma ba lauya ba ne, ko da ya iya ɗaura shimagi ya riƙe jaka. Lauya yana da lasisin Ma'aikatar Shari'a, kana iya duba sunansa a Najiz. Wasu ƙararrakin kasuwanci, musamman manya, doka ta ce sai ta hannun lauya. Ku rubuta yarjejeniyar kuɗin aikinsa: nawa a farko, nawa a ƙarshe, ta haɗa da ɗaukaka ƙara da zartarwa ko kowanne da kuɗinsa, me zai faru in kun yi sulhu a tsakiya. Wanda ya ce maka ya san alƙali, tashi ka ba shi wuri. Kuma kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta kwangila kafin sa hannu bai kai ko kusa da na shari'a ba, sai dai har yau ban ga layi a ƙofar masu karantawar ba.

Zan koma gida gaba ɗaya, ina bin mutane kuɗi. Yaya zan yi?

Kafin a buga maka bizar fita ta ƙarshe, yi wa lauya ko wani amintacce wakala ta Najiz ko wurin mai tabbatar da takardu, tun igamarka da lambar wayarka suna aiki. A rubuta ikon da ka ba shi dalla-dalla: shigar da ƙara, halartar zama, neman zartarwa. Ikon yin sulhu, da yafe wani ɓangare, da karɓar kuɗi a hannu, kowanne sai an ambace shi da sunansa, kuma kana iya hana shi waɗannan ukun ka ce kuɗi ta asusunka kawai za su shiga. Masu bashin kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya su mayar maka da bakinsu rubutu, sanad in sun yarda, in sun ƙi ko saƙon waya mai adadi da rana.

In ka riga ka tafi, ana iya yi daga gida, sai dai hanyar ta fi tsawo: a rubuta wakalar, a fassara ta zuwa Larabci, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Kano ya buga nasa hatimin, kafin a aiko ta nan a ƙarasa tabbatarwa. Sunan da ke cikin wakalar ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, don Muhammadu a wata takarda da Mohammed a wata ya isa a dawo maka da ita.